Kacau-kacau a Akwatin Zuhura

Duk wanda ya zauna da matan sojoji a barikokin ƙasar Burkina ya san Zuhura matar Ajidan Rafi'u. In bai san ta da fuska ba, to ya san ta da akwati. Wani shirgegen akwatin ƙarfe ne shuɗi, mai ƙaton kwaɗo, wanda sai ƙarti biyu sun yi nishi kafin ya bar ƙasa. Shekara ashirin da biyar tana yawo da shi gari-gari, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa ganin cikinsa ba. Makullin yana Zangon Wagadugu, ƙulle a bakin zanen mahaifiyarta, Inna Indabo mai sayar da atamfa.

Ga yadda aka yi. Ranar Juma'a aka ɗaura auren Zuhura da Rafi'u, lokacin yana ƙaramin soja, siriri kamar muciya. An sa ranar Lahadi za a yi jere a ɗakin da ya kama haya. Ana cikin shagali ranar Asabar sai ga takarda daga bariki, irin wadda sojojin nan ke kira afektasiyo, wato an sauya masa wurin aiki: Litinin da safe ana son ganinsa a Bobo. 'Yan jere sun riga sun wanke hannu, aka ce su koma gida.

Inna Indabo mace ce mai kafiya, jikar fataken Kano, in ta ce a'a ko limamin unguwa sai ya haƙura. Ta shige ɗaki ta rufo ƙofa, ta haɗa kayan jeren da ta yi shekaru tana tarawa, ta zuba a akwati ta danna kwaɗo.

"Auta," in ji ta, "ba za a ce na sallami 'yata hannu rabbana ba, saboda haka akwati zai bi ki. Amma ni ba na jere a ɗakin aro. Ranar da mijinki ya gina miki ɗakin kanki, ki kira ni in zo da makulli."

Zuhura ta san abu guda da ke ciki, ko kuma ta ɗauka ta sani: kwanukan tangaran na kakarta, farare masu zanen fure, waɗanda aka zo da su tun daga Kano, waɗanda Inna ba ta bari ko ƙuda ya sauka a kansu.

Haka rayuwa ta fara, kuma maganar gaskiya Zuhura ta ji daɗinta. Mace ce mai son sabon wuri. Da ta ga Rafi'u ya shigo da takarda a hannu yana sosa ƙeya, kafin ya buɗe baki ta fara kwance labule. Kwana biyu sun ishe ta naɗe gida kakaf. A Bobo ta koyi Julanci ta haifi Nazifa. A Dori ta koyi Fulatanci da dama fura da nono har Fulanin suna tambayarta ko daga wace ruga take. A Kaya ta haifi Amiru, a garin Fada ta fara sayar da soyayyar doya a bakin bariki, a Wahiguya aka ƙara wa maigidan girma ya kai muƙamin ajidan, ta yi rawa har ɗankwalinta ya faɗi. Gida tara suka zauna, ko wanne da inda yake yoyo.

Akwati kuwa bai taɓa zaman banza ba. A kansa take goge kakin Rafi'u. A kansa aka shimfiɗa wa Nazifa katifarta ta farko, a kansa yara suka koyi rubutu, kuma ranar sunan Amiru matan sojoji huɗu suka zauna a kai suna cin shinkafa. Abu ɗaya dai ba ta taɓa yi ba a gidajen nan tara, shi ne buga ƙusa a bango. Gidan bariki na gwamnati ne, na haya kuma na mai shi, yadda ka samu bango haka za ka bar shi. Madubinta ma a jingine yake duk tsawon shekarun nan.

To amma akwai abin da ke cin ranta, kuma tun a shekara ta huɗu ya fara. Suna kan hanyar Dori da damina, kayansu a bayan kamiyon sojoji, sai motar ta afka wani rami. Akwati ya yi tsalle ya dira a kan jar ƙasa, ya mirgina sau biyu. Da aka ɗaga shi sai Zuhura ta ji wani sauti daga ciki: kacau-kacau. Nan take ta ce a ranta, shi ke nan. Tangaran ɗin kaka ya tafi.

"Bari in fasa kwaɗon mu duba," in ji Rafi'u. "In sun fashe ne mu nemo wasu a Bobo, wa zai sani?"

"Inna za ta sani, Baban Nazifa. Matar da ke gane atamfar jabu da ƙanshi? Ka bar shi kawai."

Daga ranar, duk tashin da za su yi, Zuhura ce ke tsayawa kan masu ɗaukar kaya tana cewa a hankali, a hankali, sautin kuma yana amsa mata. Duk zuwan da za ta yi Zango ganin gida, tambayar Inna ɗaya ce: "Akwatina lafiya?" Ita kuma ta ce lafiya lau, ta sunkuyar da kai. Ta yi niyyar faɗa ya fi sau ashirin, kunya da tsoro suka hana ta. Ko a shekarun da aiki ya yi zafi, Rafi'u yana daji sai a yi mako babu waya, in ta zauna kan akwatin tana jiran labari, addu'arta biyu ce: Allah ya dawo mata da miji, Allah ya sa Inna ta yafe mata.

Bana Rafi'u ya ajiye kaki. Filin da suka daɗe suna ɗora wa bulo a Zango, layi biyu da gidan Inna, ya zama ɗaki uku da falo, an shafe shi da farin fenti. Labari ya zaga unguwa cewa za a yi wa Zuhura jere, mace mai shekara arba'in da biyar, mai 'ya a jami'a. Mata suka ce wallahi ba za a yi babu su ba. Aka yi anko, aka ɗauko mai ƙunshi, ƙawayen Inna da suka wanke hannu shekara ashirin da biyar da suka wuce, waɗanda ke raye cikinsu, suka ce ai dama aikinsu ne aka ɗaga. Har Zalissa, aminiyar Zuhura tun zaman Kaya, 'yar ƙabilar Mosi mai dariya kamar ana ɓarin kwanuka, ta hau mota ta zo da kaji biyu.

Da hantsi ranar Lahadi tsakar gida ta cika maƙil. Ana daka, ana suya, ana tsokanar amarya.

"Ina angon?" in ji Zalissa. "Ya fito ya sayi baki, amarya ta ƙi magana!"

Rafi'u, da furfurarsa da tumbinsa, ya leƙo ya sara mata irin ta soja ya koma da gudu. Aka kwashe da dariya. Zuhura ma tana dariya, da lalle har gwiwar hannu. Murna ta cika ta har tana jin kamar ta tashi sama, tsoro kuma yana janyo ta ƙasa.

Sai ga Inna Indabo, Nazifa na riƙe da hannunta, don yanzu idon ya yi rauni, sai dishi-dishi. Aka rangaɗa guɗa. Aka zaunar da ita a tabarma tsakiyar falo, aka ce a kawo akwati. Maza biyu suka kinkimo shi, suna direwa ya ce kacau-kacau, kowa ya ji.

Zuhura ta durƙusa gaban uwarta, hawaye na zuba.

"Inna, kafin ki buɗe, ina da magana. Akwatin nan ya faɗo daga mota a hanyar Dori, shekara ashirin da ɗaya ke nan. Tangaran ɗin kaka ya farfashe. Duk lafiya lau ɗin da nake ce miki ƙarya nake yi. Ki yafe mini."

Inna ta karkata kai kamar ba ta ji da kyau ba.

"Wane tangaran?"

"Na kaka, Inna. Na Kano."

"Ke Auta, kin taɓa ganin na yi hauka? In ɗauki tangaran ɗin uwata in sa a motar soja? Yana nan ƙarƙashin gadona, ko ƙura bai yi ba. Nazifa, in an jima ki je ki ɗauko."

Inna ta kwance bakin zane, ta lalubo makulli. Kwaɗo ya yi gardama, aka ɗiga masa man gyaɗa, ya buɗe. Ga langa, ga samira, ga fanteka, ga manyan farantai masu jan fure, irin waɗanda yanzu ko a kasuwa ba a samu. Wasu sun ɗan loɓa, wasu fenti ya ɓantare a gefe, amma babu wanda ya mutu. Inna ta zura hannu can ƙasa tana lalube, ta fito da wani gwangwanin madara da murfinsa ya ɓalle, sannan ta sake zurawa ta damƙo abin da ya watse a gindin akwatin. Ta buɗe tafin hannu. Ƙusoshi ne, sun yi tsatsa jawur.

"Ga kacau-kacau ɗinki," in ji ta. "Da me kike so a rataye farantai? Da yawu?"

Abin da aka yi a falon nan ba a cewa komai. Zalissa ta faɗi ƙasa tana dukan tabarma, tsofaffi suna share hawayen dariya da gefen mayafi, Zuhura kuwa ta kifa kai a cinyar uwarta tana kuka tana dariya lokaci guda. Shekara ashirin da ɗaya tana zaman makokin ƙusa.

Rafi'u ya shigo ya durƙusa daga bakin ƙofa, ya ce, "Inna, waɗannan sun yi tsatsa, bari in aika a sayo sababbi."

"A'a, Soja. Su ma sun gaji da tafiya. Kawo guduma."

Ya kawo, ya miƙa hannu zai karɓi ƙusa, Inna ta janye.

"Ba kai ba. Mai ɗaki."

Zuhura ta tashi ta tsaya gaban farin bango. Ta ɗora ƙusa, ga shi ko riƙon guduma ba ta iya ba. Bugun farko ta sami ɗan yatsanta, mata suka yi ihu. Ta juya ta kalli mijinta, bisa sabo, kamar mai jiran a ce mata ba a yarda ba.

"Buga, Hajiya," in ji shi. "Babu wanda zai zo duba bango."

Ta buga. Ƙusa ta shige, farin fenti ya ɗan zubo ƙasa, guɗa ta tashi har layin baya. Inna ta sa aka kai ta jikin bangon, ta shafa da yatsa har ta samo kan ƙusar, ta girgiza ta ta ji ba ta motsi. Sannan ta kamo hannun 'yarta, ta danƙa mata makullin akwati.

"Riƙe," ta ce. "Ni na gama aikina. Miƙo mini babban farantin nan."