Randar Auren Zakiyya

A Tudun Kaya, idan babur ya tsaya a ƙofar gidan Iya Sauda kuma mai shi bai kashe injin ba, to an yi rasuwa. Ita ma ta san haka. Tun kafin a yi sallama take ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Innalillahi, wa kuma muka rasa?"

Ginin tukwane ne sana'arta, a hannun kakarta ta koya. A zamanin ƙuruciyarta ba a kai amarya ɗaki sai da randa da tulu da tukunyar tuwo daga gidansu. Matan rugage har daga garin Fulatan sukan zo da man shanu su tafi da tulu a ka. Sai roba ta shigo gari, tukunyar ƙarfe ta biyo ta, daga baya kula mai riƙe sanyi ta zo ta ƙarasa aikin. Mata suka ɗauke ƙafa, maza suka maye gurbinsu, su kuwa ba ruwa za su zuba ba. Raba tukunyar ake yi biyu a kifa a bakin kabari kafin a tura ƙasa. Da can itace ake jerawa, amma masu gawayi sun cinye dajin, itacen kirki ya fi ƙarfin talaka.

Abin yana ci mata rai, ba ta kuma ɓoyewa. "Ni da nake shayar da mutane," takan ce, "yau na koma rufe su." Ga shi ba ta iya ciniki da wanda idonsa ya yi ja. Duk wanda ya tambayi kuɗi, amsarta ɗaya ce: ya kawo abin da ya sawwaƙa.

Ɗanta Ja'afar ba ya gajiya da yi mata ƙorafi. "Iya, mai yadin likkafani ba ya rage ko sisi. Mai shinkafar zaman makoki haka, mai hayar kujeru haka. Ke kaɗai aka raba wa kunya?"

"Su baƙi ne," takan ce. "Ni na san uwar mamacin, wani ma na ci tuwon sunansa."

Da aka sa ranar auren jikarta Zakiyya zuwa bayan kaka, sai tsohuwa ta farfaɗo. Tun kafin ruwa ya sauka ta sa aka haƙo mata yumɓun fadama mai laushi, ta gina randa irin ta da, mai faɗin ciki da ɗan siririn wuya. Ta goge ta da dutse har tana sheƙi, ta yi mata zane a kafaɗa, duk da hannun nata ya fara rawa, sannan ta gasa ta. Zakiyya ta yi dariya ta ce, "Iya, ai an riga an saya mini kula."

"Ki sha naki a kula, ja'ira. Wannan ki ajiye mini a bakin ƙofa, in na zo in sha."

Ba wani babban buri ba ne. So take kafin hannun ya gaza gaba ɗaya, a samu tukunya guda daga cikin nata da za a zuba wa ruwa.

Damina ta kankama, aka shiga marka. Babu halin gasa tukwane, mutuwa kuwa ba ta duba yanayi, don haka jerin da ke bayan ɗaki ya yi ta raguwa har saura 'yan ƙanana. Wata safiya bayan an ɗauke ruwa, sai ga babur. Wani makiyayi ne mai suna Muntaka, daga wata ruga can wajen iyakar Rogo. Matarsa ce ta rasu. Jinyarta ta cinye 'yan shanunsa, likkafanin ma 'yan uwa ne suka haɗa.

Ja'afar ya fito da abin da ya rage ya jera a ƙasa. Kowa ya ga ba za su rufe babban mutum ba. Muntaka ya ɗaga ido, ya hango randar a bakin ɗaki an lulluɓe ta da tsohon zane, sai ya yi maza ya sunkuyar da kai.

"Ko za ka gwada Ƙaraye?" in ji Ja'afar.

"Rafi ya cika," in ji Muntaka a hankali. "An gama haƙa, jama'a na jira. Ga kuma hadari yana sake haɗowa."

Gaskiyar magana, ba tausayi ne ya fara zuwa wa Iya Sauda ba, haushi ne. Ta ji haushin mutumin, ta ji na ruwan sama, ta ji na kanta da ba ta ɓoye randar a ƙuryar ɗaki ba. Ta daɗe tana kallon ƙafafunsa da suka yi kaca-kaca da taɓo. Sannan ta ce, "Ja'afar, fito da ita."

"Iya, ta Zakiyya ce fa."

"Na fi ka sani, ni na gina ta. Zakiyya, jawo mini guga ɗaya, yi sauri."

Yarinyar ta jawo, ta juye a ciki. Sabuwar randa ta yi ɗan tsuwwa tana tsotsar ruwan, ƙamshin ƙasa ya tashi. Iya Sauda ta ɗiba a moɗa ta kurɓa, ta sake cikawa ta miƙa wa Muntaka, wanda tun jiya bai sa komai a bakinsa ba. Ya tsuguna ya shanye, ya yi hamdala.

"Ya yi sanyi kuwa?" ta tambaye shi.

Bafulatanin bai iya ƙarya ba. "Bai kai ga yi ba tukuna, Iya."

"Haka ne," ta ce. "Da ma sai ya kwana a ciki."

Ta karkata randar, sauran ruwan ya bi ƙasa. Ba ta yarda kowa ya taɓa ba, don in ba ita ta raba ta biyu ba, sai ta tarwatse. Ta zauna, ta kwantar da ita a tsakanin ƙafafunta, ta ɗauki ɗan guntun ƙarfenta, ta fara ƙwanƙwasawa a hankali daga wuya.