Goggo Zlata da Hannun Aro

Albarka ta tabbata ga Alƙalin gaskiya, wanda Ya bayar, Ya kuma karɓi abinSa. Ranar Talata, tara ga watan Shebat na kalandarmu ta Yahudawa, da hantsi, labari ya iso mana cewa Goggo Zlata Brailovski ta rasu a gidanta da ke nan Kishinev, bayan 'yar gajeriyar jinya.

Goggo, a cikinmu matan Yahudawan garin nan, babu matar auren da ba ta tsaya a gabanki ba a ɗakin mikve, kina duba mata farce da gashi kafin ta nutse a ruwan tsarki. Bakinki kuwa ba a magana. Ni kin taɓa ce mini: "Mirel, wannan farcen naki, dankali kika tona da shi?" Mukan fito muna ƙunƙuni. Amma washegari in mun haɗu a kasuwa, sai ki gaishe mu kamar kin yi wata ba ki gan mu ba. Ba a taɓa jin sunan wadda ta zo wanka daga bakinki ba.

Ni dai abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. Ina da ciki na uku, bayan biyu sun zube, sai wata safiya na ga ɗigon jini a jikin farin kamfaina. Cikin yana wata huɗu. Na kwanta, mijina Zalman yana tsaye a bakin ƙofa. Dokarmu ce: in aka ga jini, miji ba ya taɓa matarsa, ko kofi ba ya miƙa mata hannu da hannu, sai ta yi kwana bakwai babu jini ta shiga mikve. Ya ajiye mini shayi a kan kujera, ya ja da baya yana hawaye. Ban taɓa jin haushin dokar nan ba sai ranar, kuma ba zan ɓoye ba.

Shi ya ruga ya kira ki. Kina shigowa kika fara faɗa. "Wa ya ce mai ciki ta sa fari? Mai launi ake sawa, 'yar nan, don ɗan tabo a mai launi ba a lissafa shi. Uwarki ba ta gaya miki ba?" Kika juya wajen Zalman. "Kai kuma ka tsaya kamar turke! Likita tukuna, rabbi daga baya."

Likita ya ce in kwanta, kada in motsa, sauran kuma sai abin da Allah Ya yi. Ke kika naɗe kamfan a takarda kika kai wa rabbi, malamin addininmu mai yanke hukunci, da kanki, don kada a san na wace ce. Hukunci ya dawo cewa ni da Zalman mu nisanci juna. Aka raba gadajenmu.

Tun daga ranar kullum sai kin zo, da miyar kaza a tukunya. Ki zauna a bakin gado, ki kama hannuna, ki ce, "Wannan ba hannuna ba ne, na Zalman ne, aro ya ba ni. Ki yi haƙuri da kaushin." Shi kuma ki sa shi ya zauna can gefe yana karanta Zabura da ƙarfi, in ji muryarsa. Ba ki taɓa ce mini cikin zai tsaya ba. Kin ƙi yi mini alkawarin abin da ba a hannunki yake ba, kuma shi ya sa na yarda da ke.

Cikin ya tsaya. Ranar da likita ya yarda na tashi na shiga ruwan, kina yafa mini tawul na tambaye ki yadda aka yi kika san abin da nake bukata. Kika ce, "Sau huɗu na yi irin wannan kwanciya. Mijina marigayi Fishel yana bakin ƙofa, ni ina kan gado, babu wadda ta zo." Ko ɗaya a cikin 'ya'yan nan huɗu bai zo duniya da rai ba. Shekara da shekaru muna tsayawa a gabanki, babu wadda ta taɓa tambayar ki.

Jiya a maƙabarta na ji wasu suna raɗa, wai Goggo ba ta bar ɗan da zai karanta mata Kaddish, addu'ar mamaci, ba. Kafin in buɗe baki, ɗana Leibush, wanda kika yi jinyata ina ɗauke da cikinsa, ya tako gaban kabarinki da gemunsa, ya fara karantawa. Ya ce zai yi miki safe da yamma har watanni goma sha ɗaya su cika, kamar yadda ɗa yake yi wa uwarsa.

Allah Ya jiƙan ki, Goggo, Ya yafe miki kurakuranki, Ya ɗaure ranki a cikin ƙullin rai, Ya sada ki da Fishel da 'ya'yanki huɗu. Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙanwarki Goggo Keila da iyalanta, da dukan matan da suka taɓa miƙa miki farcensu. Ubangiji Ya sanyaya mana zuciya tare da sauran masu makokin Sihiyona da Urushalima. Amin.

Mirel, matar Zalman