Rumfar Malam Jelani Mai Keke Ta Koma Intanet

Kafin rana ta yi ƙarfi a Ƙofar Atiku, Malam Jelani ya riga ya yayyafa ruwa a gaban rumfarsa, ya shimfiɗa buhu, ya jera sukudireba uku da kwalbar mai da wani tsohon buroshin haƙori. Sai ya zauna a inuwar dogon yaro yana jira. Teloli suna zuwa masa da kan keken ɗinki, wani a kafaɗa, wani a bayan kabu-kabu, wata ta rungumo nata a zani kamar jinjiri. Ba ya fara taɓa keke da ƙarfe. Juya shi yake yi da hannu a hankali, ya lumshe ido, ya karkata kai. Can sai ya ce allura ce ta karkace, ko haƙori ne ya cinye, ko zaren ƙasa ne aka matse da yawa. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana wannan sauraro.

Hajiya Sadiyatu, tela ce a Tudun Wada, ba ta gajiya da ba da labarin wata shekara da kekenta ya tsaya cak saura kwana uku sallah, ga ɗinkin mutane jibge a ɗaki. Malam Jelani ya tako da ƙafa cikin zafin azahar, da azumi a bakinsa. Ya tarar wani ɗan ƙarfe ne ya karye, irin wanda aka daina kawowa kasuwa. Ya nemi wayar tayar keken hawa, ya zauna a zaure ya goge ta, ya lanƙwasa, ya yi ta gwadawa har ta zauna daram. Ta ce da wannan ƙarfen take ɗinki har yau. Irin wannan labari akwai shi a bakin teloli da yawa a Sakkwato, sai dai ba wanda ya taɓa rubuta shi.

Bara ne hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko sai in ya ɗauki ƙaramin noti, daga baya har kofin shayi. Likita ya gaya masa gaskiya, cewa abin ba zai ragu ba. Bai damu da hannun ba kamar yadda ya damu da abin da ke cikin kunnensa. Mutum huɗu ya koya wa aikin, duk sun kama wasu sana'o'in. Yakan jingina da itacen bayan azahar, idonsa a kan ganyen da ke motsi, ya riƙa jin kamar kekunan da ya taɓa gyarawa suna ta juyawa a wuri ɗaya, na Gwadabawa da na Wurno da na Illela, kowanne da muryarsa. Sai ya tambayi kansa: in ya tashi daga nan, wa zai gane abin da suke faɗi?

'Yarsa Balkisu, malamar kwamfuta a wata makarantar 'yan mata, ita ta kawo shawarar wata Asabar da ta kawo masa fura.

"Baba, bari in buɗe maka shafi a intanet. Ka faɗa, in rubuta, duk mai waya shi gani."

Ya kurɓi furar. Sannan ya ce, "Ɗiyata, abin da ban san cikinai ba, ba ni aza mai sunana. In za a yi, ki nuna min in ɗora da hannuna."

"Da wanga hannu, Baba?"

"Akwai na hagu."

Haka aka fara. Kowace Asabar da hantsi Balkisu takan zo da kwamfutarta, su ɗora ta a kan teburin wani tsohon keke. Ta nuna masa cewa shafi rubutu ne kawai, amma kowane yanki ana sa masa alamar buɗewa a gaba da ta rufewa a baya, don na'ura ta san wannan kanu ne, wannan bayani ne, nan hoto zai zauna. Da yatsa ɗaya na hagu yake neman haruffa, gilashinsa a kan karan hanci. Layin farko ya ci masa kusan awa guda. Da aka buɗe, sai ga sunansa a farin allo, amma inda ya rubuta ɗinki, harafin farko ya rikiɗe ya zama wasu ƙwari-ƙwarin alamomi. Ransa ya ɓaci. Balkisu ta sa shi ya ƙara layi ɗaya a sama, mai gaya wa shafin irin haruffan da ake amfani da su, sai ƙugiyar harafin ta dawo. Ya ce ta bar shi ya ɗan kalla tukuna.

A Asabar ta huɗu duk rubutun shafin ya kumbura, kowace kalma ta yi girman kanu. Balkisu ta miƙa hannu, ya tare ta. Ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya da bakin sukudireba, yana motsa leɓe, har ya tsaya a wani wuri.

"Nan na buɗe ban rufe ba."

Ya rufe, rubutun ya koma daidai. Ranar har mai shayin da ke gefensa sai da ya ji labari.

Abin da ya fi yi masa wuya ba rubutun ba ne. Yana so duk wanda ya shiga shafin ya ji kukan kowace matsala da kunnensa, kuma ba yadda za a naɗi kukan sai an jawo matsalar. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyara, shi ne ya zauna yana kwance lafiyayyen keke da gangan, ya karkata allura, ya sassauta bel, Balkisu ta kara waya ta naɗa, sannan ya yi maza ya mayar kamar mai neman gafara. Wani kukan bai samu yadda yake so ba sai a keken Hajiya Sadiyatu, ita kuwa ta aiko da shi ba musu. Kuka goma sha bakwai suka tara. A ƙarƙashin kowanne ya sa hoto, ya rubuta abin da ke kawo shi da yadda ake magance shi, cikin gajerun kalmomi irin na bakinsa. Shafuka uku ne duka: na gaisuwa da lambar wayarsa, na kukan kekuna, da na yadda ake zuba mai.

Ranar wallafawa Balkisu ta riga ta samo masa wurin ajiye shafi, suka zaɓi adireshi mai ɗauke da sunansa. Saura danna madanni ɗaya. Ya ce da dama zai danna. Sau biyu yatsan yana kaucewa, a na uku ya samu. Bai ga komai ya canza ba. Kabu-kabu suna ta wucewa, akuya tana cin ɓawon lemo a bakin titi.

"Shi ke nan?" ya tambaya.

"Shi ke nan, Baba. Yanzu ko a Makka aka buɗe, za a gani."

Ya ɗaga kai ya dubi sama ta tsakanin rassa, kamar zai hango rumfar tasa a rataye can, ba ƙyaure, ba jinka. Bai sauke kai ba wayarsa ta yi ƙara. Hajiya Sadiyatu ce daga Tudun Wada, Balkisu ta tura mata adireshin.

"Malam, wallahi na ji kekena! Na goma sha ɗaya, shi na! Mi kuka yi mai haka yake kuka?"

Ya yi dariya har da hawaye.

Daga nan sai shiru. Mako uku ba wanda ya kira, har ya fara cewa wataƙila iska ya yi wa magana. Ran nan da la'asar saƙon murya ya shigo daga wani Muntari, tela a wani ƙauye bayan Tangaza. Ya ce wata biyu kekensa yana tsinke zare, ga kayan makarantar yaran gari an kawo, ga Sakkwato da nisa. Wani ya tura masa shafin a zauren teloli na waya. Ya hau tudu inda ake samun sabis, ya saurari kukan ɗaya bayan ɗaya, a na shida ya ji nasa. "Munka kwance, munka yi yadda ka ce, Baba. Saurara ka ji." Sai sautin keke ya biyo baya, sumul, ba tangarɗa. Malam Jelani ya kara wayar a kunne ya lumshe ido. Da saƙon ya ƙare ya ce wa Balkisu, "Ya gyaru. Amma ki rubuta mai shi ƙara mai kaɗan."

Malam Jelani, ƙarshen watan nan za ka naɗe buhunka ka bar gindin dogon yaro. Kai ne ka rufa wa teloli asiri shekara da shekaru, ba wanda ya ga sunanka a jikin riga ko ɗaya. Kai ne ka zauna gaban 'yar cikinka kana ɗalibi, da furfura a gemu, ba ka ji kunyar cewa ban gane ba, sake faɗi. Mai kunnen ƙarfe, na Balkisu, sannu da aiki.

Garin nan cike yake da irinka: majema, maƙera, masu rini, mata masu sanin ganyen da ake dafa wa mai jego. Kowannensu yana da abin da shi kaɗai ya sani, kuma kusan kowannensu yana da ɗa ko 'ya mai waya a hannu. Shafi uku ba su fi ƙarfin kowa ba. A zauna da su tun suna iya faɗa, a bar su su danna da kansu ko da yatsa ɗaya ne.

Shekaranjiya wata mata ta aiko wa Malam Jelani da kukan kekenta daga Agadas, irin wanda ya ce bai taɓa ji ba. Ya saurara ya fi sau ashirin, ya ce a gaya mata ta yi haƙuri, bai gano ba tukuna amma bai bari ba. Mun gode, Malam. Allah Ya ƙara wa kunnen nan lafiya, Ya sanyaya hannun da ya gaji.