Gado da Tsummansa

Gado ɗan Jiratawa ne, kuma tun yana saurayi fartanya ba ta karɓe shi ba. In za a tafi gona ciwon ciki ya tashi, in an sauke tuwo ya warke. Da gorin 'yan uwa ya ishe shi sai ya shiga Maradi, ya sami aiki a bargar kumandan: kwasar kashi, yankan ciyawa, da riƙe linzami duk ranar da Bature likitan bisashe ya zo duba dawakin gardi, wato dogaran kumandan.

Shekara shida ya yi kafin a kore shi saboda barci. Abin da ya fito da shi bai wuce "wi mushe" ba, wato "i, ranka ya daɗe" da Faransanci, sai tsohuwar farar riga da likitan ya yar, da ƙullin garin magani mai sa ruwa ya yi ja kamar jiƙon yakuwa. A gari kuwa cewa ya yi ya sauke karatun likita.

Wata kaka ciwo ya faɗa wa dawakin Tsibiri. Ƙuraje su jeru a ƙafar doki kamar carbi, su fashe, mugunya ta yi ta tsiyaya. Likitan yana rangadi can wajen Tasawa. Gado ya zura rigarsa, ya jiƙa magani a bokiti, ya yagi tsumma daga tsohon zanen matarsa Zuliha, ya kama hanya.

Aikinsa ɗaya ne. Ya goge gyambon mai ciwo, ya tsoma tsumman a bokiti, ya goge mai lafiya, wai rigakafi. Gida-gida yake bi, ana shimfiɗa masa tabarma, ana dama masa fura. Ruwan bokitin ya bar ja ya koma kamar na kwata, bai sake shi ba.

"Maigida, bokitin nan fa ɗoyi yake," in ji Zuliha. "Kawo in wanke."

"Ke, ƙarfin magani ne kike ji. Me kika sani?"

Mutum ɗaya ne ya tare shi a ƙofa, wani tsohon manomi, Rabo, mai goɗiya ɗaya tal.

"Yaro, tsumman da ka goge dokin Abdu, shi za ka ɗora wa tawa?"

"Baba, ka yi makarantar lakwal ne?"

"Ban yi ba. Amma ko mai tari ba a haɗa moɗa da shi."

Gado ya yi tsaki ya wuce. Rabo ya ja goɗiyarsa zuwa fadama, ya ɗaure ta ita kaɗai a gindin tsamiya, yana ba ta ruwa da ƙwaryarta daban.

Kafin wata ya cika, duk gidan da bokitin ya shiga doki ya kwanta. Gado ya ce iskoki ne, daga baya ya ce mutane ne ba su bi dokar magani ba, dokar da shi kansa bai taɓa faɗa ba.

Da likitan ya dawo, ya tara masu dawaki a bakin kasuwa. Da sanda ya ɗaga tsumman, ya jefa a wuta. Ya juyo yana zazzaga wa Gado Faransanci, Gado na ƙamewa yana "wi mushe, wi mushe." Tafinta ya dubi jama'a.

"Ya tambaye shi ko shi jaki ne. Kun ji amsar."

Ba wanda ya yi dariya, domin a ranar aka harbe dawaki goma sha huɗu, aka ƙone turakunsu da siradansu. Abdu, wanda ya reni nasa tun yana ɗan duƙushi, ya koma gida da linzami a hannu, kwana uku bai fito ba. Goɗiyar Rabo ta haihu da bazara.

Tsibiri ta gagari Gado, Jiratawa ma ba a neme shi ba. Ya ƙarasa rayuwarsa a Sabon Gari, Zuliha na tuyar ƙosai tana ciyar da shi, shi kuma yana ƙofar gida yana gaya wa baƙi cewa hassada ce Bature ya yi masa. Yana da furfura ma sai da ya leƙa gidan maƙwabciyarsa Atika, ya ce ya ga kajinta suna gyangyaɗi, zai taimaka. Ta ce ta gode. Kafin la'asar ta zuba su a kwando ta kai gidan ƙanwarta.