Ranar da Musa Mahuta Ya Zo Ofis

Ban taɓa mantawa da ranar da muka gayyaci mutum ɗaya, mutum goma sha bakwai suka zo ba. A shekarar da aka ba mu Jihar Katsina ne, ina aikin shara da ba baƙi ruwa a wani ofishin gona a Funtua. Na yi ajin yaƙi da jahilci bayan na yaye ɗana na huɗu, kuma malamarmu ta ce hannu yana mantuwa, don haka na ajiye ɗan littafi ina rubuta sunan duk wanda na ba ruwa.

Ga yadda tsarin yake, don ku 'yan yanzu. Kafin damina manomi zai zo a rubuta sunansa, da garinsu, da girman gonarsa, da iyalinsa, a ba shi kati. Da katin zai karɓi irin auduga a sito. Wanda ba shi da kati ba shi da iri.

A shekarar aka kawo kwamfuta. Aka ware mata ɗaki mai na'urar sanyi, ba a shiga da takalmi. Mai kula da ita Dakta Haruna ne, mutum mai aiki uku: yana koyarwa a jami'a, yana rubutu kan injuna a jarida, ranar Alhamis kuma ya zo mana. Shi ya koya wa kwamfutar cewa in ta ga suna ɗaya da gari ɗaya sau biyu, mai zamba ne, ta haɗe su wuri guda.

To, mutanen ƙauye in aka tambaye su suna na biyu, sunan garinsu suke faɗa.

Wata Alhamis Dakta ya fito da takarda yana rawar jiki, ko takalmi bai tsaya sawa ba.

"Manaja, injin ya gano babban manomin yankin nan! Musa Mahuta. Gonaki goma sha bakwai!"

Manaja ya gyara tabarau. "Nan kuma an ce matansa talatin da ɗaya. Dakta, mutumin nan ba ya jin wa'azi ne?"

"Wannan tsakaninsa da Ubangijinsa. Mu gona muke dubawa."

Dakta ya rubuta labarinsa a jarida. Manaja ya aika wa hedikwata, ya kuma aika takarda Mahuta cewa Musa ya zo a karrama shi. Ni na goge kujera ɗaya mai laushi, na ajiye lemo kwalba ɗaya.

Mai unguwa da ya karanta takardar bai san wanne ake nufi ba, sai ya turo su duka. Suka sauko daga bayan akori-kura, kowa da buhunsa, don ruwa ya riga ya sauka, iri kawai suke jira.

Manaja ya fito sanye da babbar riga ya ce, "Ina Malam Musa Mahuta?"

Baki goma sha bakwai suka ce, "Na'am, ranka ya daɗe."

Ya dube su, ya dubi takarda. "Takarda ta ce mutum ɗaya ne. Ta riga ta tafi hedikwata, kati ɗaya aka buga. Ku fid da ɗaya a cikinku."

Wani dattijo ya ce, "Ranka ya daɗe, sauran mu koma mu zama wa?"

Wani siriri ya ce in dai za a haɗa masa da gonakin, ya yarda shi ne. Dattijon ya ce, "Har da matan talatin da ɗaya? Kai da guda ɗaya take korar ka, ka kwana zaure?" Aka yi dariya, amma gajeruwa, don kowa ya san in mako ya wuce ba iri, shekarar ta tafi.

Ina tsaye da tire. Mai shara ba ta sa baki a maganar manya, na sani. Amma na ga hadari yana haɗowa ta wajen Bakori, na ga buhuna ba komai ciki. Na matsa kusa da Dakta na ce a hankali, "Dakta, ka yi haƙuri. Ni dai duk na san su."

"Iya, ta yaya?"

Na ciro littafina daga bakin zani. Da nake ba su ruwa ban taɓa tambayar garinsu ba, sai dai in ce, "Musa wanne?"

Ranar na fara zama a ɗakin sanyi ba da tsintsiya ba. Ina karantawa, Dakta yana bugawa, Manaja yana kira daga ƙofa. Musa Dogo. Musa Mai Jaki. Musa na Asabe. Musa Kurma, wanda sai da aka zungure shi. Dogo biyu ne, muka raba su da sunan iyayensu mata. Kafin la'asar kowa ya riƙe katinsa.

Dakta ya share gumi, duk da sanyin, ya ce, "Ashe ba mai zamba ko ɗaya."

Na ce, "Akwai, Dakta. Mai Jaki sau biyu ya sha ruwana. Ran Litinin na ji ya ce wa mai rubuta suna shi Musa Mahuta ne, ran Laraba ya sake hula ya ce Musa Dandume."

Injin ya haɗe masu gaskiya goma sha shida da shi, bai ko ga katinsa na biyu ba. Mai Jaki ya ce wallahi shi dai ƙishirwa ce ta dawo da shi.

Daga ranar Dakta ya ƙara gurbin laƙabi a cikin kwamfutar, kuma bai sake koya mata wani abu ba sai ya fito ya zauna a benci da manoma tukuna. Abin da na koya ke nan: injin ba ya ƙarya, abin da aka tambaya yake riƙewa, to a tambayi mutane yadda suke kiran junansu.

Mako na gaba ya ce zai gyara labarinsa a jarida, zai sa sunana. Ya ɗauki biro. "Hauwa Funtua, ko?"

Na ce, "Dakta, mu huɗu ne a layinmu kaɗai. Rubuta Hauwa Mai Tsintsiya."