Motar tsere

Har yau idan na ji kalmar tsere sai raina ya ɓaci, kuma ba na niyyar hucewa.

Babana mai gyaran injin ban-ruwa ne a wani ƙauye kusa da Geskeru, inda ake noman tattasai a bakin Komadugu. Tun ina yarinya ya jawo gawar wata mota daga Diffa a bayan babbar mota. Wani Ba'amurke mai haƙar rijiyar burtsatse ne ya zo da ita, da zai tafi ya bar wa kukunsa, awaki suka mai da ita ɗakin haihuwa. Ƙofa biyu gare ta, da dogon hanci, da inji mai silinda takwas. Kukun ya ce a can ƙasar maigidansa gasa ake da ita: a jera motoci biyu a miƙaƙƙiyar hanya, a ba da alama, kafin ka ƙifta ido an gama. Lambar gasar tana nan a jikin ƙofa, ta koɗe.

Baba ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙarƙashinta. Wani ƙarfen daga Maiduguri, wani shi ya ƙera da hannunsa. Ya fente ta ja kamar tattasan da aka shanya, ya sake zana lambar. Inna tana cewa da ya ba gonarsa rabin kulawar nan da mun gina bene. Ni kuwa na tsane ta, don duk wankin da na yi baƙin mai ne.

Da fitina ta ɓarke aka hana hawa babur, aka hana sayar da fetur a jarka. Babur ɗin Baba ya koma jingine. Motar da muke wa dariya ita kaɗai ta rage wa iyayena abin hawa, ga Inna da ciwon gwiwa, ko masallacin unguwa ba ta kaiwa sai da sanda. Kowa a ƙauyen ya san wata rana za a gudu.

Lokacin ina aure a Diffa. Na je ganinsu, Baba ya ce zai mai da ni gida ya kuma cika tanki, ta zauna cikin shiri. Da muka hau kwalta ya ɗan taka ta, ta yi gurnani, bayana ya manne da kujera. Na dube shi yana dariya, hularsa a karkace. Ban taɓa ganinsa haka ba.

A shingen shiga gari masu bindiga suka tsayar da mu. Takardu lafiya lau. Babbansu, wani dogo mai tsinken sakace a baki, ya zagaya ta yana shafawa.

"Tsoho, wace irin mota ce wannan?"

Baba Babarbare ne, Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Ya buga ƙirji. "Motan tsere ne, yallaɓai. In ya tashi, babu mai kama shi."

"Tsere? Wa za ka tsere wa?"

Na ce, "Yallaɓai, gasa yake nufi, gasar gudu."

Ko kallona bai yi ba. Ya ce duk sun ji da kunnensu, tsoho ya ce mota ce ta tserewa, kuma babu mai kama ta. Wa ke buƙatar irinta a bakin kogi in ba mai kai wa mutanen daji kaya ba? Wallahi dogon ya gane abin da Baba yake nufi. Bahaushe ne, da Hausa ya buɗi baki, ya san tseren doki, ya san tseren yara. Motar ce ta shiga ransa, ya sami kalma ya rataya mugun nufinsa.

Suka tura ta bayan buhunan yashi. Baba ya yi ta sintiri, ofis ya tura shi ofis, kowa ya ce ana bincike. Wani bincike? Dogon ya gwada tuƙa ta, ya ƙona kuloci, ya bar ta nan. Duk shigata kasuwa ina ganinta, tayoyi sun sace, masu bindigar suna shanya safa a kan hancinta.

Ranar da aka daɗe ana tsoro ta zo da damina. Mutanen daji suka tunkaro, ƙauyen ya watse da hantsi. Masu amalanke suka tafi da nasu. Baba ya goya Inna da rawaninsa, in ya gaji ya sauke ta ta ja gwiwa, haka har Diffa. Da labari ya iso ni na ruga shingen, na tarar da su cikin layi, ƙafafunsa sun fashe, laka har cinya. Inna ba ta ƙara takawa ba daga ranar.

Dogon yana nan, da tsinkensa. Bai ma gane shi ba.

"Tsoho, daga ina?"

Baba ya dubi motar a bayan buhunan, ya gyara goyon matarsa.

"Tsere, yallaɓai," ya ce. "Da ƙafa ne. Wannan an yarda?"