Ranar da Mai Gadi Ya Kama Ni a Durƙushe

Na manta abubuwa da yawa na zaman jami'a, har da sunayen darussan da suka ba ni wuya, amma ranar da na kare aikin kammala karatuna ba za ta fita daga raina ba har abada. Ko yanzu na tuna ta sai na yi dariya ni kaɗai, ko da a tsakiyar taro nake.

Shekarar annoba ce, lokacin da aka hana cunkoso a ajujuwa, karatu ya koma ta waya. Ina ajin ƙarshe a sashen kwamfuta. Dokar makarantarmu ita ce kowane ɗalibi ya ƙera wani abu da hannunsa, ya tsaya gaban malamai uku ya kare shi, abin da muke kira sutnans. Wanda ya faɗi sai ya maimaita shekara. Ni kuwa ba ni da shekarar maimaitawa. Baba yana da shagon atamfa a Dantokpa, babbar kasuwar garinmu Kwatano, kuma tun farkon zango ya gaya mini cewa wannan ce shekarata ta ƙarshe a lakwal, wato makaranta, in na ci to madalla, in ban ci ba shago yana jirana. Bai faɗa da fushi ba. Har kujera ya saya mini, mai laushi, ya ajiye ta kusa da tasa, yana nuna wa abokan ciniki yana cewa ta injiniya ce. Ya kan ce mu 'ya'yan zamanin zaɓe komai sai mun yi mahawara a kai, to wannan ba a kaɗa masa ƙuri'a ba.

Abin da yake ba ni haushi a karatun wayar nan shi ne 'yan ajinmu. Malami yana bayani, sai ka ji hon yana tashi, ashe wani yana kan zem ɗinsa, babur ɗin haya, ya ɗauko fasinja daga unguwar Agla, darasi yana kunnensa. Wata kuma ana jin mai yana tafasa, ƙosai take suya. Aminiyata, wadda muka taso tare a Zongo, tana tsaron shagon mahaifiyarta, ta manta ba ta kashe makirfo ba. Malam ya yi tambaya mai wuya, aji ya yi tsit, sai muryarta ta fito tsaf tana cewa albarka, ba ta sayar ba. Ni a lokacin nan ina da taurin kai da ganin na fi kowa natsuwa. Ɗaki nake shiga in ja ƙofa, Inna ta hana kowa kirana. Don haka na yanke cewa lalaci ne kawai yake damunsu, kuma ni zan yi maganinsa.

Na ƙera manhaja na sa mata suna Mai Gadi. Aikinsa ya zuba wa fuskarka ido ta kyamara. Da ka kau da kai, ko fuskarka ta ɓace na ɗan lokaci, sai murya ta ce maka da Faransanci ka dawo aji, sunanka ya koma ja a allo, alamar ba ka nan. In ba ka dawo ba muryar ta ƙara ƙarfi. Muryar kuwa tawa ce, na naɗe ta da kaina, har da ɗan daka tsawa don ta yi tasiri. Na ba 'yan ajinmu su gwada, kafin mako ya zagayo duk sun goge. Aminiyata ta ce mini, "Ke dai ba ki da mai kiranki ne, shi ya sa." Na je na gaya wa malamin da yake duba aikina cewa gogewar da suka yi ita ce shaidar abin yana aiki. Shi ma ya gyaɗa kai.

Ranar sutnans ta zo, ita ma ta kwamfuta za a yi. A gidanmu rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya kamawa sosai sai a bakin ƙofar falo, daidai inda duk mai shiga gida yake bi. Can na kafa tebur da safe. Inna ta kora yara maƙwabta, ta ɗage dakan da za a yi, ta ce ko kaza ta yi kuka ta ga wuƙa. Don in burge malaman, na roƙe su su sa Mai Gadi a kwamfutocinsu su ma, na sa a tawa. Sunayenmu huɗu suka jeru a gefen allo, duk kore shar.

Shugabansu dattijo ne ɗan unguwar Vedoko, mai furfura, wanda ba wanda ya taɓa ganin haƙoransa a makarantar. Na yi bayanina tiryan-tiryan, baki bai sarƙe ba. Na fara jin daɗi a raina. Dattijon ya gyara tabarau ya fara jero mini doguwar tambaya, sai na ji sallama daga zaure, da wata murya da ko a mafarki na ji ta zan miƙe.

Gwaggo ce, yayar Baba, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Daga garin Jugu take, can arewa, ba sanarwa, don ita a ganinta gidan ƙaninta ba wurin da ake aiko da saƙo kafin a zo ba ne. Bayanta ɗan zem yana nishi da buhun doya. A gidanmu ba a gaida Gwaggo daga kan kujera. Baba kansa, da gemunsa fari, tuɓe takalmi yake ya tsuguna. Gaisuwarta kuma ba ta gajarta, sai an bi hanya da gajiya da mutanen Jugu gida-gida, sannan ita ma ta bi naka. Wani ɗan kawunmu ya taɓa gaishe ta yana kan babur, har ya yi aure ya haihu ba ta ci abincin gidansa ba.

Na dubi allo, dattijo yana magana. Na dubi ƙofa, Gwaggo ta tsaya tana kallona, tana jira. Daga ƙofar madafa Inna ta yi mini wani kallo da ba ya bukatar fassara. Na ce wa malaman su yi haƙuri, ban ma san ko sun ji ba, na sulale daga kujera na kai gwiwa ƙasa.

Ban gama cewa sannu da zuwa ba Mai Gadi ya tashi. Muryata ta cika falo tana umartata in dawo aji. Gwaggo ta waiga ta tambayi wace marar kunya ce take yi wa mutane tsawa. Na ce, "Ni ce, Gwaggo." Ta dube ni a ƙasa, ta dubi kwamfutar, ta ce, "Ga ki nan a durƙushe, kuma ke ce a cikin akwati?" Ba ta jira amsa ba ta ci gaba da gaisuwa. Ina hanya, lafiya lau, muryar ta ƙara ƙarfi. Ina gajiya, babu gajiya, ta ƙara. Ta gefen ido na hango sunana ya yi ja wur. Wallahi a lokacin nan ba dariya a raina, hawaye ne suka cika mini ido. Kujerar nan mai laushi kawai nake gani.

Sai Gwaggo ta matsa ta leƙa allon, ta ga kawuna uku suna kallonta. Ta tambayi su wa ne, na ce malamaina ne. Ta ce ashe malamai ne aka bar su ba gaisuwa, wannan abin kunya da me ya yi kama. Ta gyara mayafi ta fara gaishe su ɗaya bayan ɗaya, da Hausa tukuna, da ta ga ba su gane ba ta juya zuwa ɗan yaren Fon ɗinta na kasuwa, tana tambayar iyali da aiki.

Dattijon nan ya ga tsohuwa sa'ar yayarsa tana gaishe shi da yarensa. Bai yi wata-wata ba ya miƙe daga kujera ya rusuna. Fuskarsa ta fita daga kyamara. Mai Gadi bai san shugaba ba, ya daka masa tsawa ya dawo aji. Malami na biyu dariya ta kama shi har ya kifa kai a tebur, sunansa ya yi ja. Ta ukun, mace ce, ta juya don ta ɓoye tata dariyar, ita ma ta samu rabonta. Muryoyina huɗu suka haɗu suna ihu a tare. Gwaggo ta girgiza kai ta ce yarinyar cikin akwatin nan ba ta samu tarbiyya ba, sannan ta bi Inna ciki.

Na koma kujera, na kashe abin. Dattijon ya zauna, ya goge tabarau, ya tambaye ni, bisa shaidar na'urata, wa ya halarci wannan zama. Na dubi allo na ce, "Ba kowa, Mushe," kamar yadda muke kiran malami da Faransanci. Ya ce to tambayar da yake yi lokacin da na ɓace fa, na ji ta? Abin mamaki, na ji ta kaf. Bakina yana gaisawa da Gwaggo, kunnena yana wurinsa. Na maimaita masa ita, na ba da amsa. Sai ya ce ban ci ba, ban kuma faɗi ba. In dawo kafin a rufe sakamako da abin da ba zai zagi mutum don ya gaida babba ba.

Washegari na tafi Dantokpa, na zauna a shagon su aminiyata lokacin darasi, na rufe bakina na yi kallo. Ashe tana bin karatun sarai, hannu yana ninke atamfa, kunne yana aji. Abin da yake kuɓuce mata ɗan guntun nan ne kawai da mai saye ya tsaya ciniki, kuma da ta rasa shi sauran bayanin sai ya dagule. Mai ƙosai ma haka, lokacin kwashewa ne matsalarta. Na koma gida na cire idon Mai Gadi gaba ɗaya. Na sa maɓalli guda, babba, wanda ko hannunka da mai za ka danna da bayan yatsa, na rubuta a kansa Ina Zuwa. Ka danna, ya riƙe maka inda aka tsaya. Ka dawo, ya karanto maka abin da ya wuce da ɗan sauri har ka cim ma aji. Malami kuma ya ga an rubuta kana zuwa, ba ka gudu ba. Mai zem kaɗai na ƙi yi wa komai, na ce masa ya faka babur ɗinsa kafin ya kai 'ya'yan mutane asibiti.

Na ci a zama na biyu. Dattijon bai yaba ba, tambaya ɗaya ya ƙara a ƙarshe, ko Gwaggo ta koma Jugu lafiya. Kujerar shago kuma ta samu mai ita, duk zuwan da Gwaggo ta yi Kwatano a kanta take wuni tana gyara wa Baba ciniki.

Yau wannan aikin nake ci da shi, kuma abin da ranar nan ta koya mini shi nake fara gaya wa duk wanda ya zo koyo a wurina. Kafin ka ƙera wa mutane abu, je ka zauna inda suke zaune, ka ga wa yake kiransu. Wanda ya kau da kai daga allo ba lallai ne ya guje wa karatu ba, sau da yawa wani ne ya yi sallama. Har Gwaggo ta rasu, Allah ya jiƙanta, duk haɗuwarmu sai ta tambaye ni ko an gyara wa yarinyar cikin akwati hali. Ni kuma in ce mata an gyara, Gwaggo, yanzu in babba ya shigo shiru take yi har a gama gaisawa.